Samari bakwai a garin Ithaca: tarihin Alpha Phi Alpha da abin da ake nufi da reshe

Da aka koma makaranta a ƙarshen shekarar 1905 a Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca a jihar New York, ɗalibai baƙar fata da suka zo sun tarar da wani abu mai sanyaya jiki. Kamar yadda tarihin ƙungiyar da za mu yi magana a kanta ya nuna, 'yan uwansu shida da suka yi karatu a wurin a shekarar da ta gabata babu ko ɗaya da ya dawo. Cornell ba ta hana baƙar fata shiga ba. Tun da aka kafa ta a 1865, Ezra Cornell ya ce yana son makarantar da kowane mutum zai samu ilimi a kowane fanni. Ƙofar aji a buɗe take. Abin da aka rufe shi ne duk sauran rayuwa: inda za ka kwana, wanda za ka ci abinci da shi, wanda zai ara maka littafi, wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa in an kwana biyu ba a gan ka ba.

Sai mutum ya fahimci yadda jami'o'in Amurka suke a wancan zamani kafin ya gane girman wannan rashi. A lokacin, rayuwar ɗalibi namiji ta rataya ne a kan ƙungiyoyin 'yan uwantaka masu sunayen haruffan Girka. Al'adar ta faro da Phi Beta Kappa a 1776, ta yi ƙarfi daga 1825 da aka kafa Kappa Alpha a Kwalejin Union. Kowace ƙungiya tana da gidanta a kusa da makaranta, da ɗakin cin abinci, da tarin tsofaffin takardun jarrabawa da manya suka bar wa na baya, da tsofaffin ɗalibai da ke jiran ka gama su sama maka aiki. Baƙar fata ba ya shiga waɗannan gidaje sai ta ƙofar baya. Wasu daga cikin samarin da suka kafa Alpha Phi Alpha da aikin raba abinci a irin gidajen suke biyan kuɗin makaranta. Ka dubi lamarin da kyau: da safe kuna aji ɗaya da mutum, wataƙila ma ka fi shi maki, da daddare kana tsaye a bayansa da farar riga kana zuba masa miya, kana jin yana tsara wa abokansa yadda za su taimaki juna su ci jarrabawar da kai ma za ka zauna. Ka gama wanke kwanuka ka fito cikin dusar ƙanƙara, ka sauko daga tudun da jami'ar take ka nufi ɗan ɗakin da ka kama a cikin gari. Daga tsayuwar nan a bayan kujera suka ga yadda abin yake aiki, suka kuma ga cewa ba wani sihiri ba ne. Haɗin kai ne kawai aka yi wa tsari.

Wani babban ɗalibi mai suna Charles Cardoza Poindexter ne ya fara tara su. Nufinsa a yi ƙungiyar karatu da zumunci, a riƙa haɗuwa ana bita, ana tattauna littattafai, ana cin abinci tare. Sun fara zama a wani gida mai lamba 421 a titin North Albany, daga baya kuma gidan Archie da Annie Singleton mai lamba 411 a titin East State ya zama matattararsu. Har yau 'yan ƙungiyar suna kiran Annie Singleton uwar ƙungiya, kuma ni a ganina wannan suna ya fi duk wani kirari da suke yi wa kansu faɗar gaskiya game da asalinsu. Ba a zauren jami'a abin ya tsiro ba. Ya tsiro ne a falon wata mata da ta ga yara baƙi a gari ta buɗe musu ƙofa.

Sun shafe kusan shekara suna jayayya. Ɓangare ɗaya na cewa a tsaya a ƙungiyar karatu, ɗaya ɓangaren na cewa a zama cikakkiyar ƙungiyar 'yan uwantaka mai rantsuwa da sirri da alama, irin ta fararen fata. Ranar 4 ga Disamba, 1906 aka yanke shawara, masu son 'yan uwantaka suka yi rinjaye, Poindexter ya janye. Kada a yi saurin ɗora masa laifi, domin damuwarsa kan a koma ƙungiya irin ta fararen fata tana da tushe, kuma za mu ga ta sake ɗagowa bayan shekaru masu yawa. Ita wannan rana ce ake lissafawa a matsayin ranar haihuwar Alpha Phi Alpha, ƙungiyar farko irinta ta ɗalibai baƙar fata da ta bazu zuwa jami'o'i da yawa ta kuma ɗore. An yi wani yunƙuri a Indiana a 1903 da bai yi nisa ba, akwai kuma Sigma Pi Phi da aka kafa a Philadelphia a 1904, amma ita ta likitoci ce da sauran manyan da suka riga suka gama karatu.

Shekarar 1906 ba shekarar kwanciyar hankali ba ce ga baƙar fatar Amurka. Shekara goma ke nan da Kotun Ƙoli ta halatta wariya a shari'ar Plessy da Ferguson ta 1896, bisa hujjar cewa ana iya raba mutane matuƙar an ba kowa daidai da na ɗan uwansa, alhali kowa ya san ba a taɓa bayar da daidai ɗin ba. A watan Satumban 1906, wata uku kacal kafin wancan zama, fararen fata sun far wa unguwannin baƙar fata a Atlanta sun kashe mutane da dama. Shekara ɗaya kafin nan W.E.B. Du Bois da abokansa suka ƙaddamar da gwagwarmayar Niagara ta neman 'yancin baƙar fata, wadda ta share fagen kafa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, a 1909. Samarin Ithaca suna karanta jarida, sun san duniyar da ke jiran su.

Mutum bakwai ake ɗauka a matsayin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ana kiran su da laƙabin da ke nufin duwatsu masu daraja. Henry Arthur Callis ya zama likita ya koyar a Jami'ar Howard, shi ne kuma ya fi sauran daɗewa a duniya, sai 1974 ya rasu. George Biddle Kelley, shugaban reshen Cornell na farko, injiniya ne. Vertner Woodson Tandy, wanda ya zana bajen ƙungiyar, shi ne baƙar fata na farko da jihar New York ta yi wa rajistar mai zanen gine-gine, kuma shi ya zana cocin St. Philip da ke Harlem da katafaren gidan attajirar nan Madam C.J. Walker. Charles Henry Chapman ya koyar da aikin gona a Florida, Nathaniel Allison Murray ya koyar a makarantar sakandare a Washington, Robert Harold Ogle, wanda ya kawo shawarar launin baƙi da ruwan zinare, ya yi aiki a wani kwamitin Majalisar Dattawa. Na bakwai, Eugene Kinckle Jones, labarinsa daban ne. Ba ya cikin jerin farko, sai a 1952 aka sanya sunansa a madadin wani mai suna James Morton. Amma in ba don Jones ba, da wuya a ce yau muna wannan magana, domin shi ne ya ɗauki ƙungiyar ya fita da ita daga Ithaca.

A nan ne batun reshe yake shigowa, kuma shi ne abin da ya fi rikita wanda ba ya cikin tsarin. Ƙungiyar uwa ɗaya ce, tana da kundin tsarin mulki da babban taro da hedikwata, wadda yanzu take birnin Baltimore. Amma ba wanda yake shiga ƙungiyar daga hedikwata. Ta reshe ake shiga, kuma reshen da ya karɓe ka shi ne gidanku har abada, ko da ka koma wani gari ka ci gaba da aiki da wani reshen. In 'yan ƙungiya biyu suka haɗu, bayan gaisuwa tambayar farko ita ce wane reshe, wace shekara, bazara ko kaka. Kamar yadda Bahaushe zai tambaye ka ɗan wane gida ne a wace unguwa, to haka abin yake. Amsar tana gaya wa mai tambaya su wane ne manyanka, wa ya rene ka, da irin tarbiyyar da ake zaton ka samu.

Sunayen rassan bin haruffan Girka suke yi bisa tsarin haihuwa. Na Cornell shi ne Alpha, wato na fari. A watan Disambar 1907 Jones da Murray suka je Washington suka kafa na biyu, Beta, a Jami'ar Howard, kafin watan ya ƙare kuma aka kafa Gamma a Jami'ar Virginia Union da ke Richmond, garin su Jones kuma makarantar da ya fara karatu. A 1908 aka tsallaka iyaka aka kafa Delta a Jami'ar Toronto ta Kanada, ko da yake bai daɗe ba. Sai Michigan da Yale da Columbia a 1909. Da haruffa ɗai-ɗai suka ƙare aka koma haɗa biyu-biyu. Harafi ɗaya ne ba a ba kowace makaranta ba, wato Omega, harafin ƙarshe. An keɓe shi ga matattu. In ɗan ƙungiya ya rasu sai a ce ya shiga reshen Omega, 'yan uwa su zo da baƙaƙen kwat su kewaye gawar su yi masa addu'ar bankwana da waƙar ƙungiya.

Kafa reshen Beta ya canja alƙiblar tafiyar gaba ɗaya, kuma ya kamata a tsaya a kansa. A Cornell buƙatar a fili take: 'yan tsiraru ne a cikin dubban fararen fata, in ba su riƙe juna ba za su watse. Howard kuwa jami'ar baƙar fata ce, a nan ba wanda zai hana ka ɗakin kwana saboda launinka. To mene ne amfanin ƙungiyar a wurin? A Howard ma'anarta ta sauya daga mafaka zuwa zaɓe. Ta zama wurin tace waɗanda ake ganin za su jagoranci al'umma gobe, su san juna tun suna samari. Alherin wannan sauyi shi ne ya samar da wata igiya da ta ɗaure lauyan Baltimore da likitan Chicago da malamin Atlanta. Sharrinsa kuma shi ne duk inda aka ce zaɓe, to akwai wanda aka bari a waje, kuma wannan karon ba farar fata ne ya bar shi ba. A Howard aka yi babban taro na farko a Disambar 1908, aka zaɓi Moses Morrison shugaban ƙungiya na ƙasa. Daga ranar reshen Cornell ya daina zama mai mulki, ya koma babban wa a cikin ƙanne.

Mataki na gaba da ya bambanta su da takwarorinsu fararen fata shi ne na 1911, lokacin da aka kafa reshen tsofaffin ɗalibai na farko a Louisville ta jihar Kentucky, mai suna Alpha Lambda. Tun daga nan duk reshen manya yana ɗauke da harafin Lambda a ƙarshen sunansa. A yawancin ƙungiyoyin fararen fata, harkar ta shekara huɗu ce, in ka gama sai dai tunawa da aika gudummawa. A nan kuwa gama makaranta ne farkon aikin. Za ka ga dattijo ɗan shekara 70 yana biyan kuɗin wata, yana halartar taron reshe, yana zuwa makarantar unguwa yana zama da yara. Mutum ma yana iya shiga ta reshen manya bayan ya gama digiri. Ƙarfin kuɗi da na siyasa na ƙungiyar a waɗannan rassa yake, ba a harabar jami'a ba.

Ba su daɗe su kaɗai ba. A Howard aka kafa ƙungiyar mata ta Alpha Kappa Alpha a 1908, wadda Kamala Harris ta shiga tana ɗaliba a can. A 1911 aka samu Kappa Alpha Psi a Jami'ar Indiana, cikin yanayin wariya da ya fi na Cornell tsanani, da Omega Psi Phi a Howard. Delta Sigma Theta ta zo a 1913, kuma cikin 'yan makonni matan da suka kafa ta suka shiga jerin gwanon neman 'yancin zaɓen mata a Washington. Phi Beta Sigma ta biyo baya a 1914, Zeta Phi Beta a 1920, Sigma Gamma Rho a 1922, ta ƙarshe Iota Phi Theta a 1963. Su tara ke nan, biyar na maza huɗu na mata, suna ƙarƙashin wata majalisar haɗin gwiwa da aka kafa a 1930. Mu ma wannan tarihi ya taɓo mu ta gefe guda, domin Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah, waɗanda dukkansu suka yi karatu a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania, 'yan Phi Beta Sigma ne. Ita kuma Alpha ta buɗe reshe a Monrovia ta Laberiya tun ƙarshen shekarun 1950.

Akwai wani abu da ke cikin zaɓen sunan kansa. Haruffan na Girka ne, amma alamar da suka ɗauka ta Afirka ce: gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da ke kusa da dalar Giza a Masar. Sunansa, wato Sphinx, suka ba mujallarsu da suka fara bugawa a 1914, wadda har yanzu take fitowa, tana cikin tsofaffin mujallun baƙar fata a Amurka. A zamanin da malaman jami'a ke koyar da cewa Afirka ba ta da tarihi, samari 'yan shekara ashirin su ce tushensu a bakin kogin Nilu yake, wannan amsa ce suka bayar.

To me suka yi da wannan igiya da suka ɗaura? A farkon shekarun 1920 suka fara kamfen na jan yara zuwa sakandare da jami'a. Kowane reshe zai keɓe mako guda, 'yan ƙungiya su bazu coci-coci da makarantu suna magana da iyaye. A shekarun 1930 suka ƙara da na rajistar zaɓe, da taken da ma'anarsa ita ce al'ummar da ba ta da ƙuri'a ba ta da makoma, a lokacin da jihohin kudu ke amfani da harajin zaɓe da jarrabawar karatu suna hana baƙar fata kusantar akwati. Amma inda sawunsu ya fi fitowa shi ne kotu.

Charles Hamilton Houston, wanda ya gyara makarantar lauyoyi ta Howard ya mai da ita wurin horar da mayaƙan shari'a, ɗan Alpha ne. Ɗalibinsa Thurgood Marshall, wanda ya shiga ƙungiyar a Jami'ar Lincoln, shi ma haka. Dabararsu ita ce kada a tunkari hukuncin 1896 gaba da gaba tun farko. A fara da makarantun lauyoyi, inda jihohi ba su ma yi wahalar gina na baƙar fata ba, a ce wa alƙali: kun ce a raba amma a ba da daidai, to ina namu? A 1935 suka kai Jami'ar Maryland ƙara a madadin Donald Murray, suka yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta tabbatar a farkon 1936. Lauya Belford Lawson, wanda daga baya ya shugabanci Alpha, yana cikin waɗanda suka fara tayar da maganar, ƙungiyar kuma ta taimaka da kuɗin karatun Murray. Lawson ne kuma ya kai shari'ar Henderson gaban Kotun Ƙoli, wadda a 1950 ta haramta labulen da ake sa wa a raba baƙi da farare a taragon cin abinci na jirgin ƙasa. A shekarar ce Heman Sweatt, ma'aikacin gidan waya a Houston kuma ɗan Alpha, ya kayar da Jami'ar Texas. Waɗannan ne matakalar da aka taka har zuwa hukuncin Brown na 1954 da ya rushe wariya a makarantun gwamnati, Marshall kuma ya zama baƙar fata na farko a kujerar alƙalin Kotun Ƙoli a 1967.

Kada a ɗauka ƙungiyar ce ta yi wannan aiki ita kaɗai. NAACP ce ta ɗauki nauyin yawancin shari'o'in, kuma talakawan da ba su taɓa shiga jami'a ba, masu wanki da guga da direbobi da manoma, su suka fi kowa shan wuya a kan titi. Abin da ƙungiyar ta bayar shi ne amana tsakanin mutanen da ke nesa da juna. Lauya ya sauka a garin da otal ba ya karɓar baƙar fata, ya san gidan da zai kwana. Ana neman kuɗin ɗaukaka ƙara, an san waɗanda za a rubuta wa wasiƙa. Martin Luther King ya shiga ta reshen Sigma a Boston a 1952 yana karatun digirin digirgir, kuma da aka gurfanar da shi a Montgomery lokacin ƙauracewa motocin bas, 'yan uwansa na ƙungiya sun tsaya masa da jiki da aljihu. Su ne kuma suka yi ta bibiya har Majalisar Dokoki ta ba su izini a 1996 su gina masa wurin tunawa a tsakiyar Washington, aka buɗe shi a 2011. Jesse Owens mai lambobin zinare huɗu a gasar Olympics ta Berlin ta 1936, da mawaƙi Paul Robeson, da makaɗi Duke Ellington, da ɗan siyasa Andrew Young, duk 'yan gida ne. Tun 1945 kuma ƙungiyar ta buɗe ƙofarta ga kowane launi.

Mai karatu a Najeriya, da ya ji an ce rantsuwa da sirri da ɗalibai, zuciyarsa za ta tafi ga ƙungiyoyin asiri na jami'o'inmu, kuma ba laifinsa ba ne. Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952 da manufar yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko, daga baya aka samu ɓallewa da kwaikwayo har abin ya koma sara-suka da zubar da jini a hannun wasu ƙungiyoyin. Waɗannan da na Amurka ba reshen juna ba ne. Na Amurka suna da rajista, hukumar makaranta ta san sunan kowane ɗan reshe, akwai malami mai sa ido, akwai mafi ƙarancin makin da in ka gaza ba za a karɓe ka ba, kuma mutum yana sa rigarsa mai haruffa da rana tsaka yana alfahari. Sirrin bai wuce kalmomin rantsuwa da yadda ake musafaha da ma'anar wasu alamomi ba. Sai dai ba zan ce babu inda suka yi kama ba, domin zan yi ƙarya.

Inda suka yi kama shi ne ƙofar shiga. Shekara da shekaru, wanda ke neman shiga sai ya yi makonni, wani lokaci watanni, a matsayin ɗan neman izini. Ana jera masu nema a layi bisa tsawo, gajere a gaba, kowa da lambarsa da sunan da manya suka raɗa masa. Shiga iri ɗaya, tafiya a jere, cin abinci tare, haddace tarihin ƙungiya da waƙoƙi da sunayen manya. In ɗaya ya yi kuskure duka layin ne ya yi. Hikimar a fili take, ana so mutum ya daina cewa ni ya koma cewa mu, kuma waɗanda suka bi layi ɗaya sukan zama aminai har tsufa, su ne 'yan rakiyar ango, su ne masu ɗaukar makara. Amma a cikin wannan al'ada duka ya shigo, da faffaɗan katako da ake zabga wa mutum, da hana barci, da wulaƙanci. Wanda aka daka bara shi ne mai duka bana, kuma yana ganin in ya sassauta ya ci amanar wahalar da ya sha. A watan Oktoban 1989 wani ɗalibi ɗan shekara 18 mai ciwon zuciya ya mutu a Kwalejin Morehouse ta Atlanta yana neman shiga Alpha. A 1990 shugabannin ƙungiyoyin suka haɗu suka soke tsarin gaba ɗaya, suka maye gurbinsa da gajeren shiri na darussa da jarrabawa ƙarƙashin kulawar manya.

Dokar ba ta kashe al'adar ba, ta dai kora ta cikin duhu. A wasu rassa aka ci gaba da yi a ɓoye, cikin dare, ba tare da idon dattijo ko ɗaya ba, har aka ƙirƙiro zagi ga wanda ya shiga ta halastacciyar hanya, ana ce masa ɗan takarda. A 1994 wani ɗalibi ya mutu sakamakon duka a wata jami'a a Missouri yana neman shiga Kappa Alpha Psi, shekara huɗu bayan an ce an daina. Ana dakatar da rassa, ana korar mutane, ana biyan diyya, wasu na zuwa gidan yari. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin ƙungiyar da aka kafa don kada yaro baƙo ya faɗi a hanya ba ta da hujjar da za ta kai ɗan wani kabari. Kuma jikokin mutanen da aka yi wa bulala a gonakin auduga su ne mafi cancantar ƙin ɗaga katako a kan ɗan uwansu. Laifin ba na hedikwata kaɗai ba ne. Ƙarfin tsarin reshe, wato 'yancin da samari goma ko ashirin ke da shi na riƙe al'adar gidansu, shi ne kuma rauninsa.

Akwai wani zargin da ya fi wannan daɗewa, na fifita 'ya'yan masu hali da masu hasken fata. Masanin zamantakewa E. Franklin Frazier ya caccaki manyan baƙar fata a shekarun 1950 kan son biki da nuna isa, ƙungiyoyin nan kuma ba su tsira daga bakinsa ba. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin da matasa suka rungumi gwagwarmaya mai zafi, da yawa sun ɗauke su a matsayin kwaikwayon farar fata, shiga ta ragu. Wannan ita ce tsohuwar damuwar Poindexter ta dawo da sabuwar riga. Ƙungiyoyin sun farfaɗo, wani ɓangare saboda ɗalibai baƙar fata sun ƙaru a manyan jami'o'in da fararen fata suka fi yawa, suka kuma tarar da irin kaɗaicin da aka tarar a Ithaca.

Yau in ka shiga harabar jami'a irin Howard za ka ga bishiyoyi da duwatsu da kujerun da aka shafa wa launin kowace ƙungiya, wurin da ba ɗan gida ba ba ya zama sai da izini. Za ka ga ranar fito da sababbin shiga, suna tafe a jere fuska a rufe, iyaye da ƙanne sun cika fili, a cire wa kowa abin rufe fuska ɗaya bayan ɗaya ana kiran sunansa ana guɗa. Za ka ga rawar nan ta buga ƙafa da tafi da dukan ƙirji, ba ganga ba kiɗa, jiki ne kayan kiɗan. A jami'o'in da baƙar fata ba su da yawa kuwa, reshe kan zama mutum biyar ko takwas, su ne masu shirya bita, su ne masu rajistar zaɓe, su ne masu tarbar sababbin ɗalibai. Daga reshen Cornell ɗin nan ne Robert F. Smith ya fito, injiniyan da ya zama hamshaƙin attajiri, wanda a 2019 ya tsaya a bikin yaye ɗaliban Morehouse ya ce ya ɗauke wa duk ajin bashin karatunsu.

Cikin duk mutanen da wannan tarihi ya ƙunsa, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Lloyd Gaines. Ɗan Alpha ne, ya gama Jami'ar Lincoln ta Missouri a 1935 da sakamako mai kyau, ya nemi shiga makarantar lauyoyi ta Jami'ar Missouri aka hana shi, aka ce jiha za ta biya masa ya je wata jihar ya yi. Ya ƙi. Houston ya ɗauki shari'arsa har Kotun Ƙoli, kuma a Disambar 1938 kotun ta ce dole Missouri ta karɓe shi ko ta samar masa makaranta daidai da waccan a cikin jihar. Sunansa ya cika jaridu, amma aljihunsa babu komai, yana ta neman ƙananan ayyuka daga gari zuwa gari. Da ya isa Chicago, gidan 'yan uwansa na Alpha ne ya ba shi wurin kwana. A daren 19 ga Maris, 1939 ya ce zai fita ya sayo kan sarki na aika wasiƙa. Bai dawo ba, kuma ba a sake ganin sa ba. Da lokacin komawa kotu ya yi aka neme shi aka rasa, shari'ar ta tsaya a nan. A 2006, shekarar da ƙungiyarsa ta cika shekara 100, Jami'ar Missouri ta ba shi digirin girmamawa a fannin shari'a, danginsa suka karɓa a madadinsa.